WAYAR DA KE JIN MAGANA: HAR INA ZA MU AMINCE DA ITA?

 

A wani taron horarwa da muka yi da shugabannin zumuntar mata da sakatarorin ikkilisiyoyi, wata mama ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, jikana ya zo hutu daga Kaduna, na ga yana yi wa wayarsa magana ita kuwa tana rubutawa. Ni ban yi boko ba, idona kuma ya soma rauni. In na sami irin wannan waya, ashe ba sai in huta da neman mai rubuta mini lissafin adashenmu ba?" Na ce mata, "Mama, ki ba ni lokaci, zan kawo amsa a rubuce domin a karanta wa kowa." Ga amsar.

A taƙaice, irin wannan waya tana da amfani, kuma kowace shekara tana ƙara gwaninta. Amma da Hausa, musamman irin Hausar da muke yi a ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Gwari, ba ta kai a sakar mata lissafin kuɗi, ko awon magani, ko saƙon da rai ya rataya a kansa ba. A ɗauke ta kamar yaron aike, wanda in ya dawo sai babba ya bincika abin da ya kawo.

AIKI BIYU DA AKE SA TA

Aiki na fari shi ne ba da umarni da murya. Ka ce wa waya ta kira wane, ko ta kunna tocila, ko ta buɗe rediyo, sai ta yi. Aiki na biyu shi ne mai da magana rubutu: kana magana tana rubuta abin da ta ji.

Na farin ya fi sauƙi ga na'ura, gama kalmomin da take jira kaɗan ne. In an koya mata umarni goma kawai, aikinta shi ne ta zaɓi ɗaya daga cikin goman. Na biyun kuwa yana da wuya ƙwarai, domin mutum yana iya faɗin kowace kalma, a kan kowane batu, da kowane irin harshe.

An daɗe ana wannan ƙoƙari. A shekara ta 1952 masu bincike a Amurka sun ƙera wata na'ura mai suna Audrey, wadda ke gane lambobi daga sifiri zuwa tara kaɗai. A 1962 kamfanin IBM ya nuna wata mai gane kalmomi 16. Sai a 1976 aka sami wadda ta san kalmomi dubu da 'yan kai. Dukansu da Turanci. Watau Turanci ya yi fiye da shekara 70 ana koya wa na'ura shi, Hausa kuwa ba ta daɗe da shiga ajin sosai ba.

MECE CE MANHAJA MAI 'YANCI?

Manhaja ita ce tsarin umarnin da ke cikin waya ko kwamfuta, wanda ke sa ta yin aiki. Akwai wadda kamfani ya kulle: kana amfani da ita, amma ba ka da izinin ganin cikinta ko ka canja ta. Akwai kuma wadda ake kira mai 'yanci, ko buɗaɗɗiya. Wani mutumin Amurka mai suna Richard Stallman ne ya fara fafutukarta a 1983. Ka'idarta huɗu ce: kowa yana iya amfani da ita, kowa yana iya duba yadda aka gina ta ya gyara, kowa yana iya ba maƙwabcinsa, kowa kuma yana iya raba gyaran da ya yi.

Manomi zai gane wannan da sauri. Akwai irin da dole ka koma shago ka saya kowace damina. Akwai kuma irin dawa na gado, wanda kake zaɓa daga gonarka, ka ajiye a rumbu, ka ba ɗan'uwanka mudu ɗaya ya shuka. Manhaja mai 'yanci kamar irin gado take.

Me ya sa wannan ya shafe mu? Dalili uku ne.

Na ɗaya, sabis. Yawancin manhajojin kamfanoni suna ɗaukar muryarka su tura ta intanet zuwa manyan kwamfutoci a wata ƙasa, can a juya ta rubutu a dawo maka da shi. A watan Oktoba na 2024 kamfanin Google ya sanar da sa Hausa cikin harsunan da ake iya yi wa wayarsa magana da su, abin kuwa ya taimaki mutane da yawa a birane. Amma mu mun san halin sabis a yankinmu. Mun kuma tuna ƙarshen watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomin jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk abin da ya dogara ga intanet ya tsaya cik a waɗannan makonni. Wasu manhajoji masu 'yanci kuwa ana iya saukar da su sau ɗaya, su ci gaba da aiki a cikin waya ko kwamfuta ba tare da sabis ba.

Na biyu, sirri. In manhajar tana aiki a cikin wayarka kaɗai, muryarka ba ta fita ko'ina.

Na uku, gyara. In manhajar kamfani ba ta jin harshenka, sai ka jira ranar da suka ga dama. In mai 'yanci ce, ɗalibi a Zariya ko Kano da ya san aikin yana iya ƙara koya mata.

Amma a kula, araha ba ta ado. Kasancewar abu kyauta ne kuma a buɗe bai sa ya zama amintacce ba. Takardar izinin irin waɗannan manhajoji takan faɗa a fili cewa an ba ka ita yadda take, ba wanda ya ɗauki alhakin kuskurenta. Wasu ma masu ginin sukan gaji ko kuɗi ya ƙare. Kamfanin Mycroft, wanda ya yi suna wajen gina buɗaɗɗiyar na'urar karɓar umarni da murya, ya durƙushe a 2023. Abin da ya ceci aikin shi ne, tun da a buɗe yake, waɗansu masu sa kai sun ɗauka sun ci gaba.

YADDA NA'URA KE KOYON JI

Na'ura ba ta da kunne irin namu, ba ta kuma fahimtar ma'anar magana yadda mutum yake fahimta. Abin da ake yi shi ne a tara muryoyin mutane masu yawan gaske, kowace murya tare da rubutun abin da aka faɗa. A zuba wa kwamfuta, ta yi ta gwada sauti da rubutu sau miliyoyi, har ta saba cewa irin wannan sauti yakan tafi da irin wannan kalma. In ka yi mata magana daga baya, sai ta yi kintace: wace kalma ce ta fi kama da abin da na ji, wace ce kuma ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta wuce?

Ku riƙe wannan kalma, kintace. Duk abin da waya ta rubuta daga bakinka kintace ne. In ta ji irin muryarka sau da yawa a lokacin koyo, kintacenta zai yi kyau. In ba ta taɓa ji ba, sai ta yi ta lalube.

Ga misali. A watan Satumba na 2022 kamfanin OpenAI ya saki wata manhaja mai suna Whisper, ya bar ta a buɗe kowa ya ɗauka. An koyar da ita da sauti na awa 680,000. In mutum zai zauna ya saurari wannan dare da rana ba hutawa, zai yi fiye da shekara 77. Amma kusan kashi biyu cikin uku na sautin Turanci ne zalla. Sauran harsuna kusan ɗari suka raba ragowar, Hausa kuwa ɗan abin da ta samu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa Whisper takan rubuta Turanci mai tsabta da kyau sosai, amma in aka ba ta Hausa ba tare da an ƙara horar da ita ba, sai ta yi ta kwaɓa.

Ko a cikin Turancin ma ba kowa take ji daidai ba. A 2020 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada manhajojin manyan kamfanoni biyar. Suka tarar cewa cikin kowace kalma 100, sukan kuskure kimanin 19 in farar fata ne ke magana, amma kimanin 35 in baƙar fatar Amurka ne. Harshe ɗaya, ƙasa ɗaya, amma an fi koyar da na'urar da muryar wasu fiye da ta wasu. Wannan ciwo yana kama manhajar kamfani da mai 'yanci duka, gama tushensa ɗaya ne.

Akwai kuma batun girma. Whisper tana da ƙanana da manya. Babbar, wadda ta fi iya aiki, nauyinta ya kusa gigabait 3, tana kuma bukatar kwamfuta mai ƙarfi. Ƙaramar da za ta shiga wayar talaka ta fi yin kuskure. Wata manhaja mai 'yanci da ake kira Vosk tana aiki a wayar Android ba sabis, ba ta kuma da nauyi, amma harsunan da aka shirya mata yawancinsu na Turai da Asiya ne.

ABIN DA YA HAƊA WANNAN DA LITTAFI MAI TSARKI

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Da masu bincike suka tashi neman muryoyi a harsunan da ba su da yawa a intanet, sai suka tarar akwai littafi ɗaya da aka fassara, aka kuma karanta da murya aka naɗa a harsuna fiye da dubu. A watan Mayu na 2023 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fitar da manhajar gane magana a harsuna fiye da 1,100, mafi yawan sautin da ya yi amfani da shi kuwa karatun Sabon Alkawari ne, kimanin awa 32 ga kowane harshe. Ya bar ta a buɗe, da sharaɗin kada a yi kasuwanci da ita. Kafin wannan, a 2022, wasu masu bincike sun shirya karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa na fiye da awa 80 domin koya wa na'ura yin magana da Hausa.

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Waɗanda suka sha wahalar fassara a wancan zamani, irin su Likita Miller na Zariya da 'yan ƙasa da suka yi aiki tare da shi, ba su san cewa wata rana aiki irin nasu zai zama allon koyar da na'ura ba. Muna gode wa Allah saboda wannan.

Amma akwai iyaka. Mai karatun Littafi yana zaune a ɗaki shiru, makirufo a bakinsa, yana karantawa a hankali da daidaitacciyar Hausa. Ba haka muke magana a kasuwar Birnin Gwari ko a bakin rijiya ba. Na'urar da ta saba da muryar mai karatu za ta sha wuya da muryar tsohuwa mai ba da labarin abin da ɓeraye suka yi mata a rumbu.

INDA TAKE TUNTUƁE DA HAUSARMU

1. Hawa da saukar murya. Hausa tana bambanta kalmomi da karin sauti da tsawon wasali, alhali rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka "kuka" na itace da "kuka" na hawaye. Mutum yakan gane daga zancen, na'ura kuwa sai ta kintata.

2. Haruffa masu lanƙwasa. "Baki" daban, "baƙi" daban. "Kara" daban, "ƙara" daban. A ƙaramin lasifikar waya mai arha, bambancin nan yakan ɓace.

3. Ƙananan kalmomi masu babban aiki. "Sun tafi" da "su tafi" harafi ɗaya ya raba su, amma ɗaya labari ne ɗaya umarni. "A sha" da "kar a sha" ma haka. Kalmomin hani da na musu gajeru ne, mukan kuma haɗiye su in muna sauri.

4. Lambobi. "Arba'in" da "saba'in" suna kama a kunne, haka "sha biyu" da "sha biyar". Ni kaina na gwada wata manhaja da jerin rabon taki a ofis, na ce buhu arba'in, ta rubuta saba'in. Da ban duba ba, da mun yi wa wata ikkilisiya alkawarin abin da ba mu da shi.

5. Sunaye. Istifanus, Rifkatu, Ishaya, Saratu, da sunayen garuruwa irin su Randagi, Kuyello, Kakangi da Dogon Dawa, ba su da yawa a cikin abin da aka koyar da na'ura. Takan musanya su da wata kalma da ta fi sabawa da ita.

6. Harshe da gauraye. Da yawa cikinmu Hausa harshe na biyu ne, bayan Gbagyi ko Kamuku ko wani. Mukan kuma tsoma Turanci a tsakiyar zance. Muryoyin da aka tara na waɗannan harsuna ba su kai ko kusa da na Hausa ba. Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin yadda aka gane mutanen Ifraimu a mashigin Urdun ta wurin furucin kalma guda. Na'ura ma tana wariya da furuci, ko da yake ba da nufi ba.

7. Hayaniya. Janareta, injin niƙa, babur, carar zakara, ruwan sama a kan kwano, yara suna wasa, mutum biyu suna magana tare. Kunnen mutum yana iya ware muryar da yake so, na'ura kuwa takan kwashe duka.

KUSKUREN DA YA FI HAƊARI

In mutum bai ji ka da kyau ba, zai ce, "Na'am? Sake faɗa." Yawancin waɗannan manhajoji ba sa yin haka. Sukan rubuta kuskure da tsabtar hannu iri ɗaya da gaskiya, ba wata alamar shakka.

Akwai ma wanda ya fi wannan muni. Wani lokaci sabuwar manhaja takan ƙaga maganar da ba wanda ya faɗa, musamman in mai magana ya yi shiru na ɗan lokaci. A 2024 wasu masu bincike a jami'o'in Amurka sun gwada Whisper da Turanci, suka tarar kusan ɗaya cikin kowane guntun sauti 100 ta ƙara jimlar da babu ita sam, abin kuma ya fi faruwa ga masu lalurar magana, waɗanda ke tsayawa suna neman kalma. A watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto cewa asibitoci a Amurka suna amfani da manhajar da aka gina a kanta wajen rubuta zancen likita da majiyyaci, alhali masu ita da kansu sun yi gargaɗin kada a dogara gare ta a inda kuskure zai jawo babbar hasara. In haka ya faru da Turanci, harshen da ta fi ƙwarewa a kai, sai mu yi tunanin Hausa.

Kada kuma adadi ya ruɗe mu. In mai sayar da waya ya ce tana ji daidai kashi 90 cikin 100, ma'anarsa ita ce kalma ɗaya cikin kowace goma kuskure ce. A ce ka faɗa, "Kada a ba yaron maganin nan sai ya ci abinci." Kalma goma ke nan. In "kada" ce kaɗai ta faɗi, na'ura ta ci kashi 90, amma saƙon ya juye gaba ɗaya.

GWAJIN DA KOWACE IKKILISIYA ZA TA IYA YI

Kun tuna yadda malaman gona suka koya mana gwada iri kafin shuka: a ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen buhu, a jira kwanaki, a ƙirga waɗanda suka tsiro. Haka za a gwada duk wata manhajar murya da aka kawo muku, ta kamfani ko mai 'yanci. Masana ma da irin wannan ƙirga suke auna ta.

1. Sakatare ya rubuta zance mai kalma 100 irin na yau da kullum, a sa sunayen mutane, sunayen garuruwa, lambobi, da jimla biyu ko uku masu "kada" da "ba".

2. A zaɓi mutum huɗu: dattijo, mace, matashi, da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne. Wanda bai iya karatu ba, a riƙa faɗa masa jimla yana maimaitawa.

3. Kowa ya faɗa sau biyu, sau ɗaya a cikin majami'a lokacin da ba kowa, sau ɗaya a waje inda ake hada-hada.

4. A ƙirga kalmomin da ta canja, da waɗanda ta tsallake, da waɗanda ta ƙara daga kanta. A ja layi ƙarƙashin kowane kuskure da ya taɓa lamba, suna, ko hani.

5. A kashe data a sake gwadawa. In ta ƙi aiki, kun san ba za ta yi amfani ba ranar da sabis ya ɗauke.

Gani ya kori ji. Sakamakon wannan gwaji ya fi maganar kowane ɗan talla.

A INA ZA A SA TA, A INA ZA A HANA TA?

Inda kuskure ba ya cutarwa, a yi amfani da ita hankali kwance: neman waƙa ko wa'azi a waya, kunna tocila, saƙon gaisuwa, taimaka wa makaho ko mai raunin ido ya buɗe abin da yake so. Ga irin waɗannan 'yan'uwa wannan babbar baiwa ce. In ana kiran mutum da murya, a saurari sunan da wayar ta maimaita kafin kiran ya tafi.

Inda kuskure zai jawo gardama, a yi amfani da ita amma mutum ya duba kafin a ajiye: rahoton taron dattawa, rubuta wa'azin fasto, wasiƙa zuwa ofishinmu. A karanta wa wanda ya yi maganar, ya ce i haka na faɗa.

Inda kuskure zai taɓa rai ko dukiya, kada a dogara gare ta ko kaɗan: awon maganin mutum ko na dabba, haɗin maganin feshi, lissafin baiko da adashe da bashi, tura kuɗi, jerin masu karɓar agaji, iyakar gona, da saƙon gargaɗi a kan hanya ko daji. Dokar Musa ta bukaci shaidu biyu ko uku kafin a tabbatar da magana, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 19. Waya ba ta kai ko shaida ɗaya ba.

Ga wanda bai iya rubutu ba, akwai hanya mafi aminci da muke da ita tun tuni: saƙon murya. Wanda ka aika wa zai ji muryarka da kansa, ya gane kai ne, ya ji ko hankalinka a kwance yake ko a tashe. Babu kintace a tsakani.

HATTARA DA ABIN DA AKE FAƊA

Mun sha wuya a yankin nan. Shekaru da yawa hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari da dajin Kamuku da na Kuyambana sun zama abin tsoro, iyalai da yawa sun bar gidajensu da gonakinsu. Mun gode wa Allah da sauƙin da aka samu bayan sulhun watan Nuwamba na 2024, har aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Rubutu ya fi murya saurin yaɗuwa da saurin bincikawa. Kada a naɗi taron da ake ambatar wanda ya sayar da amfanin gona, ko wanda zai yi tafiya, ko wanda ya kai rahoto ga hukuma. Kada a naɗi muryar kowa sai da izininsa. Abin da mutum ya faɗa wa fasto a asirce kuwa, kada waya ta kusance shi. Ko manhajar ba ta tura komai waje, wayar da kanta tana iya ɓata ko a ƙwace ta.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Abin da aka shuka shi ake girba. Na'ura za ta ji mu ne in an koya mata da muryoyinmu. A 2017 ƙungiyar Mozilla ta buɗe wani rumbun muryoyi mai suna Common Voice, inda masu sa kai ke karanta gajerun jimloli, wasu kuma su saurara su tabbatar an karanta daidai. An sa Hausa a ciki a 2021. Mutanen Ruwanda, ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum miliyan 13 da 'yan kai, sun tashi tsaye sun zuba fiye da awa 2,000 na harshensu. Masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa, amma kasonmu a wannan rumbu ƙarami ne ƙwarai in an gwada da nasu.

Akwai ci gaba a gida. Wani aiki mai suna NaijaVoices ya tara kimanin awa 1,800 na Hausa da Yarbanci da Ibo daga bakin mutum fiye da 5,000. A watan Satumba na 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna N-ATLAS, wadda ta haɗa da gane magana da Hausa. Waɗannan alamu ne masu kyau, amma kowace sai ta bi ta gwajin kalma 100 kafin mu yarda da ita.

Matasanmu da ke makarantu a Kaduna da Zariya, masu samun intanet, suna iya ba da muryarsu ga irin wannan aiki. Muryar mata, ta dattawa, da ta mutanen karkara ita aka fi rasawa. Sai dai a sani, muryar da aka bayar ga buɗaɗɗen rumbu ta zama ta jama'a, saboda haka a karanta jimlar da aka nuna kawai, kada a faɗi suna ko gari.

Abu na ƙarshe, kada a bar ajin yaƙi da jahilci saboda waya. Wanda ya iya karatu shi ne zai kama kuskuren na'ura. Mama mai tambaya, ki ci gaba da zuwa aji ranar da aka sa, lissafin adashe kuma ya zauna a littafi, a gaban ma'aji da shaidu, yadda kuka saba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Su wane ne a ikkilisiyarmu wannan fasaha za ta fi taimaka wa, ta yaya kuma za mu tsaya tare da su?

2. Waɗanne saƙonni ne a garinmu bai kamata su bi ta hannun na'ura ba?

3. In sabis ya ɗauke na wata biyu kamar a 2021, ta wace hanya za mu isar da saƙon gaggawa?

Duk ikkilisiyar da ta yi gwajin, ta aiko mana da sakamakon ta hannun mai bishara ko sakataren gunduma, domin mu haɗa mu sanar da kowa a fitowa ta gaba. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare shigarmu da fitarmu, ya kuma sa albarka ga aikin hannuwanmu. Amin.